Barin taba da sigarin lantarki a Yamai: yadda ake yi da inda ake tuntuɓe

Wannan bayani na mashayin taba ne babba, wanda ya sha gwada bari yana komawa. Wanda bai taɓa shan taba ba, da yaron da bai kai shekara 18 ba, babu abin da za su samu a sigarin lantarki sai kamuwa da nikotin. Mai juna biyu kuma ta fara da ungozoma ko likita kafin ta taɓa komai.

Abin da ke kashe mashayi hayaƙin ƙonewar ganyen taba ne, da kwaltar da ke cikinsa da iskar kabon monoksid. Nikotin shi ne mai riƙe mutum, amma ba shi ne babban mai kawo kansar huhu ba. Sigarin lantarki yana ɗumama ruwa mai nikotin ya zama tururi ba tare da ƙona ganye ba, shi ya sa gubarsa ba ta kai ta taba ba, ko da yake ba a ce babu illa ba. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2019, da mutum 886, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun cika shekara ba su koma taba ba. A ɓangaren da aka ba filasta (wadda ake mannawa a fata) da cingam na nikotin kuwa, kusan kashi 10 ne. Sai dai a gwajin nan, kusan 8 cikin 10 na waɗanda suka bar taba da na'urar suna nan riƙe da ita bayan shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa sigarin lantarki cikin hanyoyin barin taba da take ba da shawara ba. Ita ta fi tsayawa kan filasta, cingam, da magunguna irin su bareniklin da sitizin. Idan kana iya samun waɗannan a farmasi, fara da su. Idan ka riga ka zaɓi na'ura, to ka yi ta daidai, domin abu biyu kan mayar da mutane ga taba: nikotin ɗin da suka saya bai ishe su ba, ko kuma jikinsu ya yi wani abu sun ɗora wa na'urar laifi alhali matsalar daga wani wuri take.

Na'urar da ruwanta

Nemi ƙarama mai tankin da ake sake cikawa, wadda ake zuƙa kamar sigari: tururi ya taru a baki, sannan a shigar da shi ƙirji. Manyan nan masu fitar da tururi kamar shisha ba na mai barin taba ba ne. Suna cin ruwa, suna cin batir, suna busar da maƙogwaro. Ɓangarorinta huɗu ne: batir, tanki mai ɗaukar kamar mililita 2, wayar zafi da ke naɗe da auduga (masu sayarwa na ce mata rezistans), sai bakin zuƙa. A jikin wayar zafin akwai lamba. Wadda ke tsakanin 0.8 da 1.2 om ita ce taka, kuma tana aiki da ƙarfin wat 10 zuwa 15. Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai shagon ko yana kawo wayar zafin wannan samfurin a kai a kai, ka sayi uku ko huɗu nan take. Na'ura mai kyau da babu kayan gyaranta a gari, mako biyu ne rayuwarta.

Irin ta yarwa, wadda ake jefarwa idan ta ƙare, ba mu ba da shawararta. Ba ka iya rage ƙarfin nikotin ɗinta, yawancinta zaƙi ne zalla, jabu ya yi yawa a cikinta, kuma a ƙarshen wata ta fi tsada. Faransa da Birtaniya duk sun hana sayar da ita a 2025.

Ruwan yana da abu huɗu: PG da VG (ruwaye biyu da ake narkar da sauran a cikinsu), nikotin da ƙamshi. PG sirara ne, shi ke ba da kartar maƙogwaro irin ta sigari. VG mai kauri ne, shi ke ba da tururi. Ƙaramar na'ura tana son 50/50, wato rabi PG rabi VG. Ƙarfin nikotin ana rubuta shi da mg/ml ko da kashi: 2% daidai yake da 20 mg/ml, 5% kuma 50 mg/ml ne. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da shi a 20 mg/ml, cikin kwalbar da ba ta wuce mililita 10 ba, don haka kwalbar da aka yi don kasuwar Faransa za ka gan ta da jerin abin da ke ciki, da lambar kaya, da ranar lalacewa, da murfin da yaro ba ya iya buɗewa. Wadda ba ta da waɗannan, bar ta a inda ka gan ta.

Mai shan kwali guda a rana ko fiye, ko wanda ke kunna karan farko cikin rabin awa bayan ya tashi barci, ya fara da 18 zuwa 20 mg/ml. Mai kara 10 zuwa 20 ya fara da 12. Ƙasa da kara 10, 6 kan isa. Mutane na jin tsoron babbar lamba su sayi 3 mg, sai su yini suna zuƙa ba su ƙoshi ba, da la'asar ka gan su gaban mai tebur. Gara ka fara da ƙarfi ka rage daga baya. Idan 18 ko 20 ta yi maka kaushi a maƙogwaro, nemi wanda aka rubuta sel de nicotine a jikinsa, wato gishirin nikotin. Ya fi laushi a ƙarfi ɗaya.

Kada ka zuba komai a tanki sai ruwan da aka yi dominsa. Ban da turare, ban da zuma, ban da man habbatus sauda ko man zaitun, komai amfaninsu a baki. Mai idan ya shiga huhu ba ya fita da sauƙi, yana kumbura shi. A Amurka a 2019 zuwa farkon 2020, sama da mutum 2,800 sun kwanta asibiti, 68 suka mutu, kuma an gano babban dalilin wani mai ne na bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage.

Sabuwar wayar zafi tana bukatar jiƙo. Cika tanki, ajiye na'urar a tsaye minti 5 zuwa 10 kafin zuƙar farko. Wanda ya yi gaggawa ya ƙone audugar, kuma ɗanɗanon ƙauri ba zai bar ta ba har sai an sauya. Duk lokacin da ka ji ƙauri, tsaya. Busasshiyar auduga mai ƙonewa tana fitar da guba. Kada tanki ya sauka ƙasa da ramukan da audugar ke shan ruwa. Wayar kan yi mako ɗaya zuwa biyu, ruwa mai zaƙi ya fi saurin kashe ta.

Zuƙar ma daban take. Sigari ana fizgarsa da ƙarfi a gajarce. Nan a hankali ake ja, daƙiƙa 3 zuwa 4. Mai fizga da ƙarfi ruwa yake jawowa bakinsa, ga tari. Kuma nikotin ɗin sigari yana kai wa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, na na'ura kan ɗan jinkirta. Yi zuƙa biyar ko shida, ka jira minti biyar kafin ka yanke hukunci cewa bai yi ba.

Ranar bari da kara ɗaya

Ba kanka kwana uku zuwa bakwai ka saba da na'urar, sannan ka sa rana. Daren ranar ka fitar da sauran taba, ashana da kyastu daga ɗaki, daga aljihu, daga akwatin moto. Daga ranar nan babu kara ko ɗaya. A nan Yamai wannan ne wuri mafi wuya, tunda ba sai ka sayi kwali ba: kowace kusurwa akwai mai tebur mai sayar da kara-kara, wani ma bashi yake ba ka. Je ka biya bashin, ka ce masa, "Malam, na bari, ko na roƙe ka kada ka ba ni." Idan teburinsa na kan hanyarka ta zuwa aiki, sauya hanya na makonni biyu.

Haɗa taba da na'ura ba rabin nasara ba ne. Binciken da aka tattara a 2018 ya nuna kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Huhu da jijiyoyi ba sa hutawa sai hayaƙi ya tsaya ɗungurum. Idan ya tsaya, cikin kwana biyu kabon monoksid ya fice daga jini.

Ƙishirwar taba kan zo ne kamar guguwar bazara, ta taso da ƙarfi ta wuce cikin minti uku zuwa biyar. Ta fi tsanani a kwana ukun farko, ta lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Dabarar ita ce ka riga ta. Rubuta lokutan da hannunka ke zuwa aljihu da kansa: bayan karin kumallo, bayan cin tuwon dare, kofin shayi na farko, lokacin da aka tsaya cunkoso a bakin gadar Kennedy, bayan cacar baki a waya. Minti biyar kafin kowanne, yi zuƙarka. A makonnin farko kada ka ƙirga zuƙa, kada ka yi wa kanka rowa. Idan ka yi yawa jiki zai gaya maka: tashin zuciya, jiri, shaƙuwa, ciwon kai, bugun zuciya. Ajiye ta awa ɗaya, sha ruwa. In abin ya maimaita kwana biyu a jere, sauko da ƙarfin mataki guda. Idan kuwa kana zuƙa ba ƙaƙƙautawa amma hankalinka na kan sigari, ƙarfin ne ya yi kaɗan.

A fada, faɗa wa abokai a fili tun ranar farko, ka zauna ta inda iska ke kaɗa hayaƙi nesa da kai. Asuwaki a baki yana taimaka wa mutane da yawa, don yana ba hannu da baki aiki. Kada ka ara wa kowa na'urarka. Bakin zuƙa hanyar mura ce da abin da ya fi mura.

Shayi, goro da abin da ake ɗauka damuwa ce

Ga wani abu da ba a cika gaya wa mai barin taba ba, kuma a garin da ake dafa shayi sau uku a zama ɗaya ya fi kowane bayani muhimmanci. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi, Nescafé da goro. Hayaƙin ne ke yin wannan, ba nikotin ba. Saboda haka ko kana zuƙar na'ura, da zarar ka bar taba hanta za ta koma saurinta na asali cikin ƴan kwanaki, kafeyin ya riƙa daɗewa a jini. Shayin da ka saba sha shekara da shekaru ba ya yi maka komai, yanzu sai ya hana ka barci, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, ƙaramin abu ya harzuƙa ka. Mutum ya ce rashin taba ne ke neman haukata shi, ya koma. Rage shayi da goro da rabi tun daga ranar bari. Bar kofin farko mai ɗaci, ka jira na biyu ko na uku. Bayan la'asar kada ka sha Nescafé. Cikin kwana uku za ka ga bambanci a barcinka.

Wannan sauyin na hanta ya shafi wasu magunguna ma: teyofilin na masu asma, da kilozafin da olanzafin na masu taɓin hankali. Mai shan ɗayansu, da mai allurar insulin ko maganin tsinka jini, ya gaya wa likitansa kafin ranar bari, don ana iya bukatar gyara adadin.

Ita damuwar kanta, sigari ba ya maganinta. Abin da mashayi ke ji kamar natsuwa bayan ya kunna, ƙishirwar nikotin ce ta kwanta, wadda sigarin da ya gabata ya haddasa. Amma akwai abin gaskiya da sigari ke ba shi: tashi daga wurin, minti biyar shi kaɗai, da dogon numfashi. Riƙe waɗannan. Idan rai ya ɓaci, fita waje, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sake shi ta baki kana ƙirga shida, sau goma. Tafiyar minti goma da sauri tana rage ƙishirwar taba, alwala da ruwan sanyi ma tana katse ta. Gaya wa uwargida cewa makonni biyun nan za ka yi saurin fushi, don kada ta ɗauka da ita kake. Baƙin ciki mai nauyi da ya wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kai, wannan ba na jurewa ba ne, na zuwa asibiti ne.

Tari, atishawa da ƙaiƙayi: wane ne mai laifi

Abubuwa huɗu kan haɗu a nan, kuma maganin kowanne daban.

Na farko, barin tabar kansa. Ƙananan gashin da ke share hanyar iska, waɗanda hayaƙi ya kashe wa ƙarfi, suna farfaɗowa su fara turo majina waje. Tari mai kaki na ƴan makonni, gyambon baki da taurin bayan gida duk sanannu ne ga mai barin taba ko da bai taɓa na'ura ba. Suna wucewa.

Na biyu, bushewa. PG da VG duka suna jan ruwa daga baki da maƙogwaro, kuma iskar hunturu ta riga ta busar da su. Alamarta kaushin maƙogwaro, fashewar leɓe, ciwon kai da yamma. Ƙara ruwan sha sosai, kurɓa bayan kowace zuƙa. Yawancin abin da ake kira rashin jituwa da na'ura a nan yake ƙarewa.

Na uku, ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda atishawa, toshewar hanci da ƙaiƙayin ido ke damu duk shekara zai same su bana ma, da na'ura ko babu. Gwajin mai sauƙi ne: idan abin ya fi tsanani a kan moto da cikin kasuwa, ya lafa a ɗaki rufe ko da kana zuƙa, ƙura ce. Rufe hanci da rawani ko takunkumi, ka wanke hanci safe da yamma da ruwan gishiri na farmasi, ko ka haɗa da kanka: gishiri gram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a sabunta kullum. Setirizin ko loratadin, 10 mg sau ɗaya a rana, su ne aka saba ba babba. Kulorfeniramin yana sa barci, ɗan kabu-kabu da direban taksi su kiyaye shi. Na'urar ma ƙura na shiga bakinta. Sa ta cikin ƙaramar jaka, ka goge bakin zuƙar kowane dare.

Na huɗu shi ne rashin jituwa na gaske da wani abu a ruwan, kuma shi ne mafi ƙaranci. Alamarsa ƙuraje ko ja a gefen baki, borin jini, ƙaiƙayin maƙogwaro da ke tasowa minti kaɗan bayan zuƙa ya lafa idan an ajiye. Kada ka sauya komai da komai lokaci guda, don ba za ka san mai laifin ba. Fara da ƙamshi, shi ya fi yawan laifi, musamman kirfa, lemun tsami da mantol mai ƙarfi: koma ruwa marar ƙamshi ko na ɗanɗanon taba kwana huɗu. Idan bai lafa ba, rage PG, ka koma 30/70. Wannan ruwan ya fi kauri, wayar 1.2 om ba ta shan sa da kyau, sai ta ƙone. Yana son 0.6 zuwa 0.8. Idan har yanzu da saura, kuma kai mai yin ƙuraje ne a inda agogon ƙarfe ko kan bel ya taɓa fatarka, duba irin ƙarfen da aka yi wayar zafin da shi: Ni80 da SS316 suna da nikel, Kanthal ba ta da shi. In duk wannan bai yi ba, na'ura ba taka ba ce, koma filasta da cingam, kada ka koma taba.

Kumburin leɓe, harshe ko fuska, numfashi mai fito, ciwon ƙirji, ko kaki da jini: ajiye na'urar ka nufi asibiti nan take. Mai asma ya yi shawara da likita tun farko, Ventoline ɗinsa kuma kada ta bar aljihunsa. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da zazzaɓin yamma, gumin dare ko rama, a je CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwa, a yi gwajin kaki na tarin fuka, kada a jingina shi ga barin taba.

Zafi da batir

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, ruwan yana tsinkewa ya yi ta yoyo, nikotin ya yi duhu ya rage ƙarfi, batir kuma ya wahala. Kada ka bar na'ura a akwatin moto ko gaban mota a rana. Ajiye ta a tsaye, kwalaben kuma a wuri mai duhu da sanyi. Yi caji da ƙaramar caja ta 5V, a kan siminti ko tebur, ba a kan katifa ba, ba kuma ka kwana ka bar ta a jone ba. Batir da ya kumbura ko yake zafi ba dalili, daina amfani da shi. Kuma tunda wuta na yankewa a daidai wannan lokacin, mutuwar batir da tsakar dare na cikin manyan hanyoyin komawa taba: tanadi na'ura ta biyu mai araha ko bankin caji, da cingam na nikotin na 2 ko 4 mg.

Kwalba ɗaya ta mililita 10 mai 20 mg/ml tana ɗauke da nikotin 200 mg, ga ƙamshin mangwaro ko alewa. Wannan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. A kulle ta a sama, kuma in yaro ya sha ko kaɗan ne, asibiti kai tsaye tare da kwalbar, kada a sa shi amai. Kada a zuƙa a ɗaki da yara. Dokar yaƙi da taba ta Nijar ta 2006 ta hana shan taba a wuraren jama'a. Inda ba a kunna sigari, kai ma bar na'urarka a aljihu.

Da azumi, zuƙar na'ura tana karya shi kamar yadda taba ke yi. Sha ruwa ka ci abinci tukuna kafin ka zuƙa, don nikotin mai ƙarfi a cikin da ya yini babu komai yana kawo jiri da amai.

Saukowa daga nikotin

Kada ka taɓa ƙarfin sai ka yi aƙalla wata biyu zuwa uku babu kara ko ɗaya, kuma tunanin sigari ya daina zuwa maka kullum. Sannan ka sauko mataki-mataki: 20, 12, 6, 3, 0, kowane mataki mako huɗu zuwa shida. Idan tsallen ya yi faɗi, haɗa ruwa iri ɗaya daidai wa daida: rabi na 12 da rabi na 6 suna ba da 9. Lura da yawan ruwan da kake ƙararwa. Wanda yake shan mililita 2 a rana ya koma 4 bayan ya rage, bai rage komai ba, ya dai ninka tururin da ke shiga huhunsa. Ya koma matakin baya na wata guda. Kada ka zaɓi makon biki, rasuwa ko tafiya don ragewa. Tun daga mataki na 6 ka fara raba na'urar da al'ada: bar ta a gida idan za ka masallaci, bar ta a wani ɗaki da dare, jinkirta zuƙar safe da rabin awa duk mako.

Idan ka zame ka kunna kara ɗaya a wurin suna ko a fada, kada ka sayi na biyu. Duba abin da ya faru a awa ɗayan da ta gabace shi: batir ne ya mutu, wayar zafi ce ta ƙone, ko ka sauko da wuri ne. Gyara wannan abin a ranar, in saukowa ce ka koma ƙarfin da kake kai kafin ka rage.